Mai riƙe da ludayi

Duk wanda ya zauna Agadas kafin shekarar 2016 ya san abin da ranar Litinin take nufi. Motoci ƙirar Hilux ne ke jeruwa a bakin gari, kowace da mutum ashirin da ƴan kai a bayanta, ƙafafu na reto, kowa ya rungume sandar da aka kafa masa don kada ya faɗo, ana jiran rakiyar soja zuwa Dirku. Daga wannan ayari mai shago yake ci, da mai sayar da jarka, da mai faci, da mai gidan haya. Sai ga doka mai lamba 2015-36 ta ranar 26 ga Mayu 2015, wadda ta mai da safarar baƙin haure laifi, ta yanka masa ɗaurin shekara 5 zuwa 10 da tarar sefa miliyan 1 zuwa 5. Dokar ta yi fiye da shekara tana kwance cikin takarda. A cikin 2016 aka tashe ta, aka shiga kama direbobi da ƴan kamasho da masu gidajen nan da ake kira geto, motoci kuma aka jibge su hannun hukuma, rana da rairayi suna cin su.

Asarar da kasuwa ta yi an sha lissafa ta, kuma ɗan kasuwa ba ya bukatar jarida ta gaya masa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda cikin gidan kaso ya sauya. Ban da ƴan gari da dokar ta kwaso, akwai baƙi daga ƙasashen kudu, Najeriya da Gana da Kamaru da Kodebuwa da Laberiya: wanda aka samu da takardun jabu, wanda faɗa ya ritsa da shi a geto, wanda ya daɗe yana tara wa direbobi fasinja. Da yawansu Kiristoci ne. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai 1 cikin 100 ba, sai ga shi a farfajiyar kaso ana tara mutum ashirin ranar Lahadi.

Ɗaya daga cikin ashirin ɗin ɗan ƙasa ne, Bahaushe, mutumin wajen Tsibiri a jihar Maraɗi, inda ƴan mishan na SIM suka daɗe da kafa tasha bayan shigowarsu ta Damagaram a 1924. Kakansa ne ya fara karɓar addinin. Shi a ciki aka haife shi, a ikilisiyar EERN aka yi masa baftisma. Ya yi lakkwal har aji shida, ya bi mota yana yaron direba, ya faɗo Agadas, ya yi aure, ya kama haya a unguwar Dagmanet, ya shekara 14 yana bin hanyar Dirku. A ƙarshen 2016 jandarmomi suka tsare shi da fasinja cike da mota. A nan Direba kawai za a kira shi, domin yana raye, yana da ƴaƴa mata da ba su yi aure ba, labarin kuma ba irin wanda ake rataya wa suna ba ne.

Taron nasu ba shi da ɗaki. Wata kusurwa ce ta farfajiya, inda inuwar katanga ke kaiwa har wajen ƙarfe goma, su shimfiɗa buhuna su zauna. Littafi Mai Tsarki uku gare su, na Faransanci, na Ingilishi, da na Hausa wanda matar Direba ta kawo masa naɗe cikin ɗankwali. (Tun 1932 aka buga shi cikakke da Hausa, ga wanda ke tsammanin baƙon abu ne a harshen.) Katolika da ƴan Fentikos da ƴan Baftis, waɗanda a waje ba su ko leƙa majami'ar juna, a nan tabarma ɗaya suke. Da yake Direba yana jin Hausa da Faransanci da ɗan Ingilishin da ya tsinta a bakin fasinja, shi ya zama tafinta. Tafinta kuwa, ko a kotu ko a fada, kunnensa ne ke fara jin abin da ba a so kowa ya ji.

To, mai karatu, kafin a shiga maganar sai an fahimci ciki, don in ba a fahimci ciki ba ba za a gane sauran ba. Abincin da hukuma ke bayarwa a kaso na riƙe rai ne. Wanda ke da dangi a gari, kwano ne daga gida ke ciyar da shi, ana kawowa ƙofa, gardi ya buɗe ya duba, a miƙa ciki. Baƙon da uwarsa ke can bakin teku ba shi da mai kawo masa ko ƙwayar gyaɗa. Sabulu saye ake yi, sukari saye, maganin ciwon kai saye. Wurin kwanciya ma daraja-daraja ne: a watan Afrilu da Mayu, sa'ad da zafi ke haura awo 40, kusa da ƙofa shi ne fada, a watan Disamba kuwa, da sanyin Abzin ya sauko, mai bargo shi ne attajiri. Kowane ɗaki yana da ɗan kaso da aka ɗora bisa sauran, wanda ake ce wa sarki, kuma shi ke faɗin inda kowa zai shimfiɗa. Saboda haka abin da masu ziyara daga majami'un gari ke kawowa, ƴar shinkafa, mai, sabulu, wani lokaci jikka biyar cikin ambulan, a wurin waɗannan baƙi ya wuce sadaka. Shi ne uwa, shi ne uba. Ranar Lahadi bayan addu'a akan ɗora tukunya guda, abin da ya rage kuma a raba shi cikin mako.

Mai ajiyar kayan da raba su wani dattijo ne ɗan shekara hamsin da wani abu, baƙo shi ma, amma ya fi kowa daɗewa a ciki. Ba wata makarantar tauhidi da ya yi, ba kuma ikilisiyar da ta naɗa shi; shi ya fara tara mutane a wannan kusurwa sa'ad da ba su fi biyar ba, sai suna ya bi shi, kowa Fasto, har gardi. A faɗi gaskiya, mutum ne mai baiwa. Yana da murya, ya haddace Zabura da yawa, ya san yadda ake zama da wanda aka yanke wa shekara goma a daren da aka yanke masa. Shi ya roƙo musu izinin taro. Shi masu ziyara suka sani, shi suke miƙa wa buhu. Buhun a ƙarƙashin kansa yake kwana.

Cikin 2017 aka kawo wani saurayi ɗan shekara 22, daga wata ƙasar da ake jin Faransanci, wanda ya bar jami'a ya nufi Turai, kuɗinsa ya ƙare a Agadas, aka kama shi da wayar da ba tasa ba. Siriri ne, mai kunya, mai muryar waƙa. Ba a yi wata biyu ba aka ga an mai da shi ɗakin Fasto, an ba shi wuri kusa da ƙofa. Aka ga sabon silifa. Aka ga bargo. Aka kuma ga ya daina waƙa, yana zama can baya, in an zo cin Jibin Ubangiji sai ya ce kansa na ciwo. Kaso ba ya ɓoye komi. Ɗaki mai mutum talatin ba shi da labule. Ƴan ɗakin sun sani, wasu cikin ƴan taron sun sani, kowa ya ja bakinsa ya yi shiru, domin hannu mai miya ake lasa.

Wata safiya a layin famfo saurayin ya tsaya bayan Direba, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, idonsa na kan bokiti.

"Baba, in mutum ya ci abincin da ya san kuɗinsa, addu'arsa tana hawa?"

Direba ya ce masa bai gane ba. Ya gane sarai, so yake ya ji daga bakinsa. A kwana uku, guntu-guntu, ya ji. Ba duka aka yi masa ba, ba wuƙa aka nuna masa ba. An fara da ƙarin ludayi, sai sabulu, sai aka biya masa kuɗin sauya ɗaki. Ranar da ya ƙi, kwana huɗu sunansa bai fito cikin rabo ba, aka kuma tuna masa cewa akwai ɗakin da za a iya mai da shi, inda ba mai kiransa ɗana. A rana ta biyar ya koma da ƙafarsa. Abin da ya fi cin ransa ke nan: da ƙafarsa ya koma. Kuma kowace Lahadi mutumin ne ke ɗora masa hannu a ka yana yi masa addu'a.

Direba ya yi mako bai yi barcin kirki ba. Shiru shi ne mafi sauƙi, kuma yana da hujja mai kyau: shi yana da kwano daga Dagmanet, ba ruwansa da buhun kowa, ya zo ne ya ƙirga kwanakinsa ya fita. Kai ƙara wurin sarkin ɗaki ko wurin gardi kuwa yana nufin kafin azahar duk farfajiya ta ji, kuma wanda za a riƙa nunawa da baki har ranar fitarsa saurayin ne, sunan da za a laƙa masa kuma shi zai jawo masa wasu hannayen. Sai ya bi abin da aka koya masa tun yana yaro a Tsibiri. Cikin Linjilar Matiyu, sura ta 18, an shimfiɗa wa Kiristoci yadda za su yi da ɗan'uwan da ya yi laifi: a same shi shi kaɗai tukuna, in ya ƙi ji, a koma da mutum ɗaya ko biyu, in ya ƙi, a kai gaban jama'a, in ya ƙi jin jama'a, a ɗauke shi kamar bare.

Ya same shi shi kaɗai, gwargwadon yadda ake samun mutum shi kaɗai a kaso, wato a jikin katanga da tsakar rana sa'ad da zafi ya kori kowa. Fasto bai ɗaga murya ba. Ya saurara har ƙarshe, sa'an nan ya ce:

"Ɗan'uwa, ka manta abin da ya kai Yusufu kurkuku? Ƙazafi irin wannan ne. Yaron nan na ɗauke shi tsirara na tufasar. In Shaiɗan zai watsa garke, makiyayi yake fara nema."

Dubi gwaninta. Labarin Annabi Yusufu, wanda Musulmi da Kirista duk suka sani, labari ne na bawa marar gata da mai iko a gida ta nema, ya ƙi, aka jefa shi kurkuku. Mutumin da ke kwana bisa buhun shinkafa ya ɗauki rigar Yusufu ya saka. Ya kuma ƙara da cewa in maganar ta fita, masu ziyara za su ɗauke ƙafa, mutum ashirin su kwana da yunwa, kuma Direba ne zai amsa wannan gaban Allah.

Da Direba ya nemi shaidu biyu, a nan ya tarar da abin da bai zata ba. Bai sha wahalar shawo kansu ba, don sun riga sun sani. Wahalar ita ce hukuncin da suke so. Ɗayansu, wani ɗan Fentikos mai zafin addini, ya buɗe wasiƙar Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 5, inda manzon ya tsauta wa ikilisiyar da ta bar mai fasiƙanci a tsakiyarta, ya umarce su su fitar da shi, har ya hana ko cin abinci tare da irinsa. Ya ce magana ta ƙare: zunubin Saduma ne, mutum biyu suka yi shi, mutum biyu za su fita, ba tabarma, ba tukunya. Wanda ya ci ladan kuturu, in ji shi, ai ya san da aski.

Wannan ra'ayi shi ne mutane da yawa za su ɗauka, a majami'a ko a masallaci ko a majalisar shayi, kuma yana da kamar adalci, tun da bai bambanta babba da yaro ba. Sai dai a duba abin da yake haifarwa. Koranti birni ne mai tashar jiragen ruwa da kasuwa. Wanda aka kora daga taron Bulus yana da gida, yana da sana'a, zai ci ya sha, abin da ya rasa zumunci ne, kuma rashin nan ne ake fatan ya dawo da shi hanya. A kaso ba inda korarre zai je. Yana nan dai cikin katanga huɗu ɗin, taku goma daga tabarmar da aka tashe shi. Dattijon in an kore shi yana da ƴan kuɗinsa, yana da sarakunan ɗakuna da ya saba da su. Saurayin in an kore shi an cire shi daga abinci guda ɗaya da yake samu ba da sharaɗi ba, an kuma shela wa farfajiya abin da za a iya saye a wurinsa da sabulu. Hukunci guda, ɗaya ya rasa mumbari, ɗaya a mai da shi kasuwa.

Direba ba malami ba ne, amma ya tuna wani labari da aka saba karantawa a makarantar Lahadi. Littafin Kiristoci, a Sama'ila na biyu sura ta 12, ya ce sa'ad da Annabi Natan ya je tsauta wa Sarki Dawuda kan matar Uriya, bai fara da maganar shimfiɗa ba. Misali ya ba shi na attajiri mai garke da matalauci mai ƴar tunkiya guda, attajirin ya ƙwace ta ya yanka wa baƙonsa. Musulmi ya san makamancin misalin a Suratu Sad, na masu husuma biyu, mai tumaki 99 da mai tunkiya ɗaya. Abin da misalin ke tambaya shi ne wa ke da garke, wa ke da guda. Direba ya ce wa shaidun nasa su ajiye sunan zunubin tukuna, su fara gaya masa a ƙarƙashin kan wa buhu ke kwana. Ɗan Fentikos bai sauka daga ra'ayinsa ba cewa saurayin ma yana da abin tuba. Amma ya yarda ba za a kore shi ba, kuma wannan kaɗai ake bukata daga gare shi.

Akwai wani tsoro kuma, wanda ba a faɗi da ƙarfi ba amma yana zaune tare da su. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 an ƙone majami'u da dama a Damagaram da Yamai, an rasa rayuka, bayan zanen da jaridar Charlie Hebdo ta buga. Shekara biyu ba ta isa a manta ba. Ƙaramar jama'a tana da wata cuta da babba ba ta cika sani ba: laifin mutum ɗaya yakan zama sunan kowa. Kada a ce ga halin Kiristoci. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma a inuwarsa irin su Fasto ke fakewa, a kaso da wajen kaso. Ikilisiyar Katolika a Amurka da Ailan da Faransa ta yi shekaru tana rufe irin wannan don kare suna, rahoton da aka fitar a Faransa a Oktoba 2021 ya nuna abin da rufin ya ci. Makarantar allo ko gidan marayu ko barikin da ke tsammanin ya fi ƙarfin abin, to, bai dai samu tafintansa ba tukuna.

Taimakon farko daga inda ba a zata ba ya fito. A ɗakin Direba akwai wani tsohon direba maƙwabcinsa a Dagmanet, Alhaji ne, shi ke ba su salla, doka guda ta kawo su. Direba bai ba shi labari ba, cewa kawai ya yi akwai yaron da ya kamata ya bar ɗakin da yake. Alhaji ya daɗe yana jan tasbaha, sa'an nan ya ce:

"Maƙwabci, a wurinmu ba a buɗe baki kan irin wannan sai da shaidu huɗu, wanda ya kasa kawo su shi ke shan bulala 80. Saboda haka ban ji komi ba. Amma matsa tabarma ba ya bukatar shaida."

Su biyu suka haɗa abin da za a ba sarkin ɗaki, aka dawo da saurayin tsakaninsu. Sauran nauyin ya faɗa kan matar Direba, wadda tun da aka kama mota take toya ƙosai a ƙofar gida don ta ciyar da yara huɗu. Ranar ziyara ya roƙe ta ta ƙara hannu a kwano. Ta dube shi ta ce, "Maigida, kwanon ne ya ƙanƙance ko cikin ne ya ƙaru?" Ya ce baƙo ya yi. Ba ta sake tambaya ba, ta sauya kwano da babba, kuma ita ta san abin da ta rage wa yaranta.

An yi taron wata Lahadi cikin damina, bayan addu'a, kafin a ɗora tukunya. An roƙi saurayin kada ya zo, ba a kuma ambaci sunansa ba, ko da yake ba wanda bai san shi ba. Direba ya yi magana da harshe uku, jimla-jimla, yana fassara kansa, abin da ya sa kowace kalma ta fito sau uku. Ya ce akwai wanda ya mai da sadakar jama'a tarko. Shaidun biyu suka ce haka ne. Sai wani mutumin Gana da ba a taɓa jin muryarsa a taro ba ya miƙe ya ce shi ma an taɓa gwada shi da ƙarin ludayi a shekarar da ya shigo, ya zauna. Wannan ne ya karya Fasto, domin ba zai ce duk garin ƙazafi suke ba. Bai amsa laifi da baki ba. Ya ce shi mutum ne, shekara bakwai ba kwana bakwai ba ne, wanda bai taɓa faɗuwa ba ya fara jifa. Ko a nan ma ayar da aka faɗa don kare macen da aka kewaye da duwatsu ita ya jawo ya lulluɓa.

Abin da suka yanke kaɗan ne, amma ya taɓa inda ya kamata. An sauke shi daga wa'azi da ɗora hannu. An bar shi ya zauna a baya ya ji, an bar masa rabonsa na abinci daidai da na kowa, domin sun ce ba za su hori mai horo da yunwa da yunwa ba. Buhu ya bar ƙarƙashin kansa. Daga ranar, duk abin da masu ziyara suka kawo a tsakar farfajiya ake zazzage shi, mutum uku daga ɗakuna uku su ƙirga, a rubuta a bayan littafin waƙoƙi, a raba nan take. Ludayin Lahadi kuma yawo yake, mako-mako, har ya zagayo kan wanda ya shigo jiya.

Mutum shida suka bi Fasto, suka kafa nasu taron a wata kusurwa, suna cewa hassada ce ta ɗan ƙasa ga baƙo. Wata uku wasu ba su gai da Direba ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Masu ziyara, da suka ga taro biyu, aka ce musu saɓani ne kan rabon kaya. Rabin gaskiya ke nan, kuma da shi suka tafi.

A nan fa akwai abin da ba za a yaba musu ba. Abin da aka yi wa saurayin yana da suna a wurin alƙali. Tun gyaran da aka yi wa kundin hukunta laifuka a 2003, dokar Nijar ta kira fyaɗe duk wata saduwa da aka yi wa mutum ta ƙarfi ko tilas ko barazana ko shammata, ba ta ce sai mace ba. Hana mayunwaci abinci kwana huɗu har ya miƙa wuya, in ba tilas ba ne, to mene ne? Taron ya tsaya a horon ikilisiya, kamar sauke mutum daga mumbari ya biya bashin. Hujjarsu ita ce saurayin da kansa ya roƙa kada a kai ƙara, don shi zai ci gaba da kwana cikin katangar bayan an rufe takarda, kuma wannan hujja tana da nauyi. Amma sakamakonta shi ne dattijon ya zauna da tsabtataccen suna a wurin hukuma, cikin gidan da ake kawo sababbin samari kowane mako, da mutum shida masu kiransa Fasto. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan tsare ƴan kaso, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela a Disamba 2015, sun ce kada a ba ɗan kaso ikon horon ɗan'uwansa, sun kuma ɗora wa hukuma ciyar da kowa abinci mai isa. Nijar ma ta yi dokarta mai lamba 2017-08 ta ranar 31 ga Maris 2017 kan tsarin gidajen kaso. Ma'aikacin da ke karanta wannan a biro ya san tazarar da ke tsakanin takarda da tukunya. Da tuwon hukuma yana ƙosarwa, da ƙarin ludayi bai sayi komi ba.

Bayan wata takwas Fasto ya aiko yana neman a mai da shi. Taronsa ya watse, biyu sun fita, sauran sun bi tukunya. Aka sake zama. Wasu suka kawo wasiƙar Bulus ta biyu, sura ta 2, inda ya ce a gafarta wa wanda aka hora kada baƙin ciki ya haɗiye shi. Ɗan Fentikos, wanda da farko ya so a kori kowa, yanzu shi ke kan gaba wajen cewa a yafe duka, tun da tuba tana wanke komi. Direba ya ce a tambayi saurayin. Saurayin ya ce ya yafe, ko yana ƙoƙari, amma kada hannun mutumin ya sake sauka a kansa. Aka tsaya a nan. Dattijon ya dawo cikin sahu, yana waƙa, wani lokaci a ba shi karatun Zabura tun da ba wanda ya kai shi. In layin ludayi ya zo kansa, tsallakewa ake yi.

Saurayin ya cika wa'adinsa a 2018, ya shiga sansanin hukumar OIM da ke Agadas, aka mai da shi ƙasarsu. Direba ya fita a 2019, ya tarar motarsa ta zama ƙarfe, ya koma gyaran inji a garejin wani. Ranar 25 ga Nuwamba 2023 Janar Abdurahaman Tiani ya sa hannu ya soke dokar 2015-36, aka shafe hukunce-hukuncen da aka yanke a ƙarƙashinta, wato a takarda Direba bai taɓa yin laifi ba. Yana nan a Dagmanet. Babban kwanon nan bai koma cikin kaya ba: kowace Lahadi matarsa tana cika shi, ɗansu ya kai ƙofar kaso a kan babur, ya ce wa gardi na baƙon da ya fi kowa sabunta ne.